Gyaran lanƙwasar hoto da allon dara: me ya sa gefuna ke ƙin miƙewa bayan an auna kyamara?

Tambayar da ka aiko, idan na taƙaita ta, ita ce: ka kafa ƙaramar kyamara mai faɗin gani a saman teburin aiki domin ka riƙa auna tsawon ƙananan kayan ƙarfe daga hotunansu, ka buga allo mai gidaje baƙi da fari irin na wasan dara, ka ɗauki hotunansa goma sha biyu, ka miƙa wa OpenCV, manhajar sarrafa hotuna, domin ta auna kyamarar, wato ta lissafa yadda gilashinta ke lanƙwasa hoto, ta kuwa nuna maka cewa kuskuren lissafinta bai kai rabin fiksel ba (fiksel shi ne ɗigo mafi ƙanƙanta na hoto), amma da ka gyara hoton sai tsakiyarsa ta miƙe sarai, gefunansa suka ci gaba da lanƙwasa, wata kusurwa ma ta murɗe fiye da yadda take tun farko. Kana so ka san ko manhajar ce ke da matsala, ko kuwa gilashin kyamarar ne ya fi ƙarfin gyara.

Ina kyautata zaton babu ko ɗaya daga cikin biyun. Alamomin da ka bayyana su ne ake gani duk lokacin da aka yi awo da hotunan da allon ya tsaya a tsakiyar fage, wato filin da kyamara ke gani, bai kai kusurwoyi ba, bai kuma karkata sosai ba, ko kuma takardar da aka buga allon a kanta ba ta shimfiɗu daidai ba. Ƙaramin kuskuren da manhajar ta nuna maka gaskiya ne, sai dai yana ba da shaida ne kawai a kan wuraren da allon ya taka. Domin ka ga dalilin hakan da idonka, ya kamata mu bi ta kan abin da lissafin ke ƙoƙarin ganowa.

Duk awon kyamara yana farawa ne daga wata kyamara ta tunani wadda ba ta da gilashi ko kaɗan, wato akwati mai duhu da ƙaramar huda a gabansa, irin wanda Ibn al-Haisam, masanin haske da aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayaninsa. A irin wannan akwati haske yana tafiya a miƙe daga abu, ya ratsa hudar, ya sauka a bangon baya, saboda haka duk layin da yake miƙaƙƙe a duniya zai fito miƙaƙƙe a hoto. Lambobi huɗu sun isa su siffanta wannan kyamara: fx da fy, waɗanda ke nuna nisan hudar daga farantin da ke karɓar haske idan aka auna shi da fiksel a kwance da a tsaye, sai cx da cy, waɗanda ke nuna inda layin da ya bi ta tsakiyar hudar ya sauka a kan farantin. Wannan wuri shi ne cibiyar gani, kuma da wuya ya faɗa daidai tsakiyar hoto, domin a masana'anta ba a ɗora gilashi a kan faranti ba tare da ɗan gocewa ba.

Gilashi na gaskiya yana kauce wa wannan tsari, kuma kaucewar iri biyu ce. Ta farko, wadda ta fi girma nesa ba kusa ba, ita ce ta kewaye: gilashin yana ƙara girman abu ko ya rage shi gwargwadon nisansa daga cibiya. Idan girman yana raguwa yayin da ake nufar gefe, layuka sukan kumbura zuwa waje kamar cikin ganga, kuma wannan shi ne halin yawancin gilasai masu faɗin gani irin naka. Idan kuwa girman yana ƙaruwa, layukan sukan lotsa zuwa ciki, abin da aka fi gani a gilasan jawo nesa. Ta biyu ita ce ta karkacewa, wadda ke zuwa idan sassan gilashin ba su jeru a kan layi ɗaya ba, ko gilashin bai yi daidai da farantin ba. A. E. Conrady ya rubuta lissafin wannan ta biyun a 1919, Duane Brown kuma ya faɗaɗa shi a ayyukansa na 1966 da 1971 don masu zana taswira daga hotuna, shi ya sa tsarin ke ɗauke da sunayensu har yau. A cikinsa, idan x da y su ne matsayin ɗigo bayan an cire cibiya an kuma raba da fx da fy, r kuma nisansa daga cibiyar, to lanƙwasar kewaye tana ninka x da y da wannan adadi:

1 + k1·r² + k2·r⁴ + k3·r⁶

Karkacewar kuma tana ƙara 2·p1·x·y + p2·(r² + 2x²) a kan x, ta ƙara p1·(r² + 2y²) + 2·p2·x·y a kan y. Waɗannan su ne lambobi biyar da OpenCV ke dawo maka da su a jere kamar haka: k1, k2, p1, p2, k3. Ka lura k3 a ƙarshe take, domin mutane da yawa sukan kwashe lambobin zuwa wata manhaja su jera su ba daidai ba.

Yanzu mu sa lambobi a ciki, don a nan ne matsalarka take. Mu ƙaddara fx ɗinka 1000 ne, k1 kuma −0.3, mu bar k2 da k3 a gefe tukuna. Ɗigon da ya kamata ya sauka a nisan fiksel 100 daga cibiya yana da r na 0.1, sai a ninka shi da 0.997, ya sauka a 99.7, ya goce da kashi uku cikin goma na fiksel ɗaya kacal, abin da ido ba ya gani. Wanda ya kamata ya sauka a 500 za a ninka shi da 0.925, ya sauka a 462.5, wato ya goce da fiksel 37.5. Wanda ke 800 kuwa za a ninka shi da 0.808, ya dawo 646.4, gocewar ta haura fiksel 150. Nisa ya ninka sau takwas, gocewa ta ninka fiye da sau ɗari biyar. Haka k1 ke yi, ita da take tafiya da r². K2 da k3, masu tafiya da r⁴ da r⁶, kusan ba su da wani tasiri a tsakiyar hoto, sai an kusanci gefe suke tashi gaba ɗaya.

Ma'anar wannan ita ce, idan duk hotunanka sun nuna allon a tsakiya, to ba ka ba manhajar wata hujja da za ta tsayar da k2 da k3 a kanta ba. Ita kuma ba za ta ƙi ba ka amsa ba. Za ta zaɓi duk lambobin da suka rage kuskure a wuraren da ta gani, ko da k2 ta zama babbar lamba mai ƙari, k3 ta zama babbar lamba mai ragi, suna soke juna a tsakiya. Da zarar an fita daga yankin da allon ya taka, wannan sokewar ta ƙare, sai ɗaya ta rinjayi ɗaya, hoto ya murɗe. Kusurwar da ka ce ta fi lalacewa bayan gyara, ina da yaƙinin ita ce wadda allon bai taɓa zuwa kusa da ita ba. Za ka iya tabbatar da haka cikin sauƙi: ka tattara duk mahaɗan gidajen, wato wuraren da kusurwoyin gidaje suka haɗu, da manhajar ta gano a hotuna goma sha biyun, ka zana su a matsayin ɗigo-ɗigo a kan farin shafi ɗaya mai girman hotonka. Duk inda ya rage fari fat, gyaran da aka yi a wurin zato ne.

Sai batun karkata allon, wanda shi ma yake da tushe a lissafi. Hanyar da kake amfani da ita ta Zhengyou Zhang ce, wanda ya fitar da ita yana aiki a sashen bincike na Microsoft, aka wallafa cikakkiyarta a shekarar 2000. Kafin nan an fi dogara da kayan awo masu fuska biyu ko uku da aka ƙera da tsananin daidaito, masu tsada. Abin da Zhang ya nuna shi ne, shimfiɗaɗɗen allo guda ɗaya ya wadatar, muddin an nuna wa kyamara shi ta fuskoki daban-daban, kuma ba sai an san yadda aka motsa shi ba. Dangantakar da ke tsakanin shimfiɗaɗɗen allo da hotonsa tana da lambobi takwas masu zaman kansu. Shida daga ciki suna tafiya ne wajen bayyana inda allon yake da yadda ya juya, uku na matsayi uku na juyi, saura biyu su ne ke faɗin wani abu game da cikin kyamarar. Ke nan kowace fuska sharuɗɗa biyu kawai take bayarwa, don haka fuskoki biyu ne mafi ƙaranci da za su fitar da fx, fy, cx da cy. Amma akwai wani sharaɗi da Zhang da kansa ya bayyana: idan allon ya kasance a fuska ɗaya a hotuna biyu, an dai matsar da shi gaba ko gefe ba tare da an karkata shi ba, hoto na biyu bai ƙara komai a kan waɗannan lambobi huɗu ba. Allon da ke fuskantar kyamara kai tsaye ba ya iya bambanta gilashi mai jawowa da ke nesa da gilashi mai faɗi da ke kusa, domin duka biyun hoto iri ɗaya za su bayar. Karkatar ce ke sa gidajen nesa su ƙanƙance fiye da na kusa, kuma daga wannan bambancin ake ciro fx da fy. Tun da kyamararka tana kallon tebur daga sama, ina zargin ka shimfiɗa allon a kan teburin ka riƙa zamar da shi, wanda a idon lissafi kusan hoto ɗaya ne aka maimaita.

Bayan ƙiyasin farko da wannan hanya ta bayar, calibrateCamera, sashen OpenCV mai yin awon, wadda aka gina a kan aikin Zhang da na Jean-Yves Bouguet na jami'ar Caltech, takan ɗauki dukkan lambobin ta riƙa gyara su tare ta wata hanyar lissafi mai rage kuskure mataki-mataki, ta Levenberg da Marquardt, har sai ratar da ke tsakanin inda lissafi ya ce mahaɗa za ta sauka da inda aka gan ta a hoto ta yi ƙanƙanta iyakar iyawa. Matsakaicin wannan rata shi ne lambar da ta faranta maka rai. Allo mai mahaɗa 9 a kwance da 6 a tsaye yana ba da mahaɗa 54 a kowane hoto; hotuna 20 za su ba da 1080, wato ma'auni 2160, alhali abin da ake nema lambobi 129 ne, tara na kyamara da shida-shida na kowane hoto. Wannan rinjaye yana da kyau, amma fa sai idan ma'aunan sun bambanta da juna. Hasali ma, hotuna kaɗan masu kama da juna sun fi saurin ba da ƙaramin kuskure, tunda lissafin ba shi da abubuwa da yawa da zai gamsar. Awon da ya ba da 0.4 daga hotunan da suka game fage duka ya fi wanda ya ba da 0.15 daga tsakiya kaɗai, kuma ni na farkon zan amince da shi in auna ƙarfe.

To, ga yadda nake ba ka shawarar ka sake aikin, kuma daga allon za ka fara, domin lissafin gaba ɗaya ya ginu ne a kan cewa allon shimfiɗaɗɗe ne ƙwarai kuma gidajensa daidai suke. Takardar da aka riƙe da hannu, ko aka manna a kwali da gam mai ruwa, takan yi tudu da kwari, musamman da damina lokacin da takarda ke shan laima. Kada ka raina wannan. Da fx na 1000, allo a nisan milimita 400, tudun milimita ɗaya tak a mahaɗar da ke r na 0.5 yana gusar da ita fiye da fiksel ɗaya a hoto, manhajar kuma ba ta da hanyar sanin takarda ce ta kumbura, sai ta ɗora laifin a kan gilashi ta cusa shi cikin k1 da p1. Ka manna takardar a kan gilashin taga mai kauri, ko tayil mai santsi, ko farantin alminiyam, da gam na feshi ko takarda mai gam a bayanta, ka bi ta da gefen kati daga tsakiya zuwa waje har iska ta fita. Kada ka rufe ta da leda mai sheƙi, domin ƙyallin fitila yana cinye mahaɗa. Wajen bugawa ka kashe zaɓin da ke sa firinta ta daidaita zane da girman shafi, sannan ka auna da rula ta ƙarfe, ba gida ɗaya ba, a'a gidaje takwas a jere ka raba da takwas, a kwance da kuma a tsaye. Idan girman gida ya kauce daidai wa daida ta kowane ɓangare, fx da lambobin lanƙwasa ba za su canza ba, nisan allon kawai zai fito ba daidai ba. Idan kuwa firinta ta ja zanen ta ɓangare ɗaya fiye da ɗaya, gidajen sun daina zama murabba'i, wannan kuma yana shiga cikin awon kansa.

Gidaje 10 a 7 masu milimita 25 suna shiga takardar A4, su ne kuma ke ba da mahaɗa 9 a 6. Lambar da findChessboardCorners, sashen OpenCV mai gano mahaɗa a hoto, ke so ita ce ta mahaɗan ciki, inda baƙaƙen gidaje biyu suka taɓa juna, ba ta gidaje ba. Yana da kyau ɗaya lambar ta zama mara ɗayar kuma cika, kamar 9 da 6, don kada allon ya yi kama da kansa idan aka juya shi sama a ƙasa, kuma a bar farin fili kewaye da shi. Bayan an gano mahaɗan a bi su da cornerSubPix, wadda ke tace matsayinsu zuwa ƙasa da fiksel ɗaya. Wannan ne ma dalilin da ya sa aka zaɓi allon dara tun asali, domin mahaɗar baƙi da fari wuri ne guda da ba ya gocewa ko an kalle shi a karkace.

Akwai wata wahala da za ka ci karo da ita: findChessboardCorners tana bukatar ta ga allon dukansa, saboda haka da ka tura shi can cikin kusurwa har gefensa ya fita daga hoto, sai ta ƙi hoton baki ɗaya. Mutane da yawa a nan suke ja da baya su koma tsakiya. Mafita ita ce ko dai ka yi haƙuri ka riƙa matsar da allon sannu a hankali kana kallon hoton a kwamfuta har farin filin da ke kewaye da allon ya kusa taɓa bakin hoto, ko kuma ka koma ga allon ChArUco, wanda ke da alama ta musamman a cikin kowane farin gida, daga tsarin ArUco da aka fitar a jami'ar Kordoba ta Sifaniya. Da yake kowace mahaɗa tana da shaidar da ke bambanta ta, ko rabin allon ne ya bayyana za a yi amfani da shi. Ga gilashi mai faɗin gani, wannan shi ne abin da nake fifitawa.

Wajen ɗaukar hotunan, ashirin zuwa talatin sun isa idan an zaɓe su da lura. Ka bar kyamarar a kafe, ka ɗaga allon daga teburin. A wasu hotunan ya cika mafi yawan fage, a wasu ya zauna a kowace kusurwa ta huɗun da kowane gefe, kuma a mafi yawansu ya karkata, wani lokaci dama ko hagu, wani lokaci sama ko ƙasa, da kimanin digiri 20 zuwa 45. Fiye da haka gidajen nesa sukan matse har ganowa ta yi rauni. Ka jingina allon da wani abu maimakon riƙe shi a hannu, domin rawar hannu tana dusar da mahaɗa, kuma ƙananan kyamarori masu arha suna karanta hoto ne layi bayan layi, ta yadda abin da ke motsi yakan fito a ɗan karkace ko da bai dushe ba. Haske ya wadata, ya kuma bazu. Nisan allon ya yi kusa da nisan da za ka yi aiki a kai, domin lanƙwasar gilashi tana ɗan canzawa da fokas, wato nisan da aka saita gilashin don hoto ya fito tar.

Wannan ya kawo mu ga sharaɗin da ake yawan mantawa: awo na kyamara ɗaya ne a saiti ɗaya. Idan kyamararka tana daidaita fokas da kanta, ka kashe wannan ka tsayar da shi wuri guda, in ba haka ba fx zai riƙa canzawa daga hoto zuwa hoto, lissafin kuma yana ɗauka lamba ɗaya ce. Idan gilashin irin mai murɗawa ne, ka ɗaure shi bayan ka saita. Girman hoton da ka yi awo da shi ya zama shi ne wanda za ka yi aiki da shi. Idan an rage girman hoto ba tare da an yanke gefensa ba, ana iya rage fx, fy, cx da cy da wannan kason, lambobin lanƙwasa kuma su zauna yadda suke. Amma kyamarori da yawa sukan yanke wani sashe na farantin idan aka canza girma ko aka koma bidiyo, a nan kuwa sai sabon awo. Wayoyin hannu sun fi wuya, saboda sukan gyara lanƙwasa da kansu kafin su ajiye hoto, wasu kuma gilashinsu yana motsi don rage girgiza.

Idan ka sake awon, kada ka tsaya a lamba ɗaya ta kuskure. A OpenCV ta Python, harshen rubuta manhaja, akwai calibrateCameraExtended, wadda ke ba da kuskuren kowane hoto daban da kuma gwargwadon rashin tabbas na kowace lamba. Hoton da kuskurensa ya ninka na sauran, ka buɗe shi ka duba. Galibi ya dushe ne ko an gano wata mahaɗa a inda ba ta. Ka kuma raba hotunan gida biyu ka yi awo da kowane rabi: idan fx da cx da k1 sun fito kusa da juna, awon ya tsaya da ƙafarsa, idan kuwa sun yi hannun riga, hotunan ba su wadatar ba komai ƙanƙantar kuskuren. Game da k3, ra'ayina shi ne ka fara da tsayar da ita a sifili ta hanyar CALIB_FIX_K3, ka sake ta kawai idan ragowar kuskuren a gefuna ya nuna tsari, wato duk yana nuni waje ko duk ciki. Ƙara lambobi ba tare da hujja daga gefuna ba yana ƙara wa lissafin damar murɗewa ne. Idan kuma gilashinka na idon kifi ne, mai gani kusan digiri 180, tsarin Brown da Conrady bai dace da shi ba tun daga tushe, domin akwati mai huda ba ya iya ɗaukar irin wannan faɗi a kan shimfiɗaɗɗen faranti. Don irinsa OpenCV tana da sashen fisheye, wanda ke bin tsarin da Kannala da Brandt suka wallafa a 2006, inda ake lissafi da kusurwar shigowar haske.

Gyaran kansa ba shi da wuya, amma akwai abu biyu da ke ruɗa mutane. Manhajar tana ɗaukar kowane fiksel na sabon hoto ta tambayi inda ya fito a tsohon, sannan ta ƙiyasta launinsa daga maƙwabtansa, shi ya sa gefunan da aka miƙar sukan ɗan rasa kaifi. Wannan ba alamar kuskure ba ce. Na biyu, hoton da aka miƙar ba ya zama mai kusurwa huɗu daidai, don haka getOptimalNewCameraMatrix ke tambayar lambar alpha: sifili yana yanke hoton ya bar fiksel masu inganci kaɗai, ɗaya kuma yana riƙe komai tare da baƙin fili a gefuna. Lokacin bincike ka sa ɗaya, domin a nan murɗewar gefe ke fitowa fili. Ka kuma tuna cewa hoton da aka gyara yana da sababbin fx, fy, cx da cy, su ne za ka yi amfani da su daga nan, ba tsofaffin ba. Idan kyamararka bidiyo take bayarwa, ka lissafa taswirar gyaran sau ɗaya da initUndistortRectifyMap ka riƙa amfani da remap. Idan kuma matsayin 'yan ɗigo kawai kake bukata, undistortPoints ta fi sauri kuma ba ta taɓa hoton.

Gwajin da ya fi kowanne gaskiya ba ya bukatar allon. Ka ɗaure zare baƙi ka ja shi ya miƙe tsam a kan farin fili, ko ka rataya igiya mai nauyi a ƙasa irin ta magina, ka ɗauke ta tana bin bakin hoto na sama, na ƙasa, na dama da na hagu. Brown ya yi amfani da irin waɗannan igiyoyi a aikinsa na 1971, domin zaren da aka ja ba ya da wata siffa sai miƙewa. Bayan gyara, ka ja miƙaƙƙen layi daga farkon zaren zuwa ƙarshensa a kwamfuta, ka auna iyakar ratar da ke tsakaninsu da fiksel. Zaren da ya bi ta cibiya ba ya gaya maka komai, tunda lanƙwasar kewaye ba ta lanƙwasa layin da ya ratsa cibiya. Na gefuna su ne shaida.

Abu na ƙarshe ya shafi manufarka ta auna ƙarfe. Cire lanƙwasa yana mayar da kyamararka akwati mai huda ne kawai, bai mayar da fiksel milimita ba. Idan kyamarar ba ta kalli teburin a tsaye cak ba, gefe ɗaya zai fi ɗaya girma a hoto, layuka masu tafiya tare su riƙa kusantar juna, wannan kuwa halin hangen nesa ne da babu k1 ko p1 da za ta gyara. Bayan ka gama awo ka kafe kyamarar, ka shimfiɗa allon a kan teburin, ka ɗauki hoto ɗaya, ka cire lanƙwasarsa, sannan ka yi amfani da findHomography ka haɗa mahaɗan hoton da matsayinsu na milimita. Wannan dangantaka tana aiki ne a kan fuskar da allon ya kwanta kaɗai, har da kaurin gilashin ko tayil ɗin da ka manna shi a kai. Idan kyamarar tana milimita 600 sama da wannan fuska, ƙarfen da kaurinsa ya kai milimita 20 samansa yana nisan 580, zai kuma fito da girman da ya ƙaru da kusan kashi 3.4 cikin ɗari, wato fiye da milimita uku a kan abu mai tsawon milimita 100. Saboda haka ka ɗaga allon zuwa tsayin saman kayan da za ka auna kafin ka ɗauki wannan hoto, idan kuma kayan suna da kauri daban-daban, ka yi wa kowane kauri nasa lissafin.